Wa Zai Fara Yin Sallama a Doha

Tun da na dawo daga Doha ban huta ba. A masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har a ƙofar ofis ɗalibai sai su tare ni: "Malam, yaya ƙasar Larabawa? Wai da gaske har kan titi suna sa na'urar sanyi?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa in yi gaba. Amma mai jiran labarin dogayen benaye ya nemi wani matafiyin. Ni abin da na fi gani a Doha shi ne cikin faranti, sai kuma fuskokin 'yan'uwana biyu a murtuke.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a, kuma na daɗe ina jan digiri na uku har ɗaliban da na koyar sun fara wuce ni. Bincikena a kan Ostiriya ne, wata 'yar ƙasa a tsakiyar Turai da ta fito daga yaƙin duniya na biyu ta zauna tsakanin manyan ƙasashe ba ta bi kowa ba. A cikin neman wanda ya ga abin da idonsa na samu labarin wani tsohon jakadansu, Ambasada Matiyas. Sunan mahaifinsa ya fi ƙarfin harshena, don haka ku yi haƙuri da wannan. Ya yi ritaya tuntuni, sanyin ƙasarsu ya hana ƙafafunsa sakat, sai ya koma wurin 'yarsa da ke aikin injiniya a Doha. Na rubuta masa, ya ce in zo, muddin ba zan hana shi barcin rana ba.

Da na je Malumfashi sallamar Inna, mahaifiyarmu, sai tafiyar ta sake kama. Dole in yi muku bayanin gidanmu, don duk rigimar a nan take. Kakanmu ya haifi autansa Kabiru da tsufa, lokacin Inna ta riga ta haifi yayanmu Sabo har ya fara wayo. Uwar Kabiru ta rasu yana jinjiri, Inna ta ɗauke shi ta goya. Ke nan Kabiru ƙanin mahaifinmu ne, Baffanmu ne, amma Yaya Sabo ya girme shi, shi ya riƙa saɓa shi a wuya zuwa kallon ƙwallo. Yaya ne ya fara zuwa Doha, yana tuƙa wani Balarabe. Daga baya Baffa Kabiru, da ya zama likita, ya samu aiki a wani asibiti a can. Da ya sauka sai ya zauna yana jiran ɗan wansa ya zo yi masa sannu da zuwa. Yaya kuma ya zauna yana jiran yaron da ya yi wa tsarki ya zo gaishe shi. Ba zagi, ba cin mutunci, ba wanda ya ci wa wani komai. Haka kawai shekaru suka yi ta tafiya, gari ɗaya, ko a waya ba sa magana.

Inna ta tsufa, idonta ya kusa rufewa, jikin ma yau lafiya gobe kwance. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Auta, ba kai ne kake koya wa 'ya'yan mutane yadda ake sasanta ƙasashe ba?"

Na gyara zama na ce, "Ni ne, Inna."

"To ga ƙasashe biyu can. Ban ce ka kawo mini turare ba, ban ce atamfa ba. So nake in ji muryoyinsu a waya ɗaya kafin a kira ni."

Maimakon in ce Allah ya ba ni iko, sai na buɗe baki na ce wannan ai kamar shan ruwa ne. Ta ba ni ƙulli biyu na daddawa da yaji, iri ɗaya, girma ɗaya, ta ce kada in kuskura in fifita wani.

Daga Malumfashi na shiga motar haya ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano. Na ci ado da babbar riga mai aiki, don a ganina wanda zai gana da jakada tun daga gida ya kamata ya fara kama da jakada. Ba mu kai Dayi ba rana ta taɓa daddawar Inna. Wata hajiya da ke kusa da ni ta toshe hanci da mayafi ta ce wa direba, "Malam, ko dai akwai abin da ya mutu a motar nan?" Ni ma na taya ta waige-waige ina tsaki, har muka shiga Kano ban amsa laifi ba.

Jirgi ya biya da mu ta Adis Ababa, inda na yi zaman jira ina rawar ɗari a cikin babbar rigata. A filin jirgin Doha kuwa, wallahi ƙasan wurin ya fi farantin gidana tsabta, har na riƙa ɗaga ƙafa a hankali. Da layi ya zo kaina na tsaya gaban jami'i na soma gaisuwa yadda aka koya mini a gida: lafiya, aiki, iyali, gajiya. Bawan Allah ya nuna mini wata 'yar kyamara ya ce in kalla. Na kalla na yi murmushi. Ya ce ban da murmushi. Ya buga hatimi ya ce, "Yalla." Wannan ita ce kalmar farko da na koya, ma'anarta yi gaba, kuma na sha ta a garin nan fiye da ruwa. A wurin duba kaya aka kwance ƙullin daddawa. Jami'in ya sunsuna sau ɗaya ya ja da baya, ya tambaye ni mene ne. Na ce abin miya ne. Ya dube ni da tausayi ya ɗaure da kansa ya miƙo mini.

Tun a jirgi na gama tsara dabarata ta farko. In na sauka gidan Baffa a Al Gharrafa, Yaya zai ce na bi mai kuɗi. In na sauka ɗakin Yaya a Al Rayyan, Baffa zai ce jini ya fi jini. Don haka zan yi irin ta Ostiriya, ba ruwana da kowa. Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal a Abu Hamour, kusa da kasuwar kayan gwari. Mai gadin otal ɗin, Malam Isiyaka, Bahaushen Zangon Kumasi ne. Da ya ji labarina ya sauke hula ya sosa kai.

"Kana da dangi har biyu a garin nan, ka zo ka kwana otal? Kai ko dai koro ka aka yi daga gida?"

Na yi masa bayanin manufar 'yan ba-ruwanmu dalla-dalla. Ya ce to Allah ya kyauta.

Ashe shi ya fi ni gaskiya. Washegari da hantsi sai ga Yaya Sabo a farar motar kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba.

"Auta, ni za ka tozarta a garin nan? Duk direbobin Al Rayyan sun ji ƙanina ya zo ya kama otal. Ɗakina ne ya yi maka ƙanƙanta?"

Na rantse na maya. Ya kai ni ɗakinsa, ɗan madaidaici a bayan gidan maigidansa, tsaf-tsaf, ya tuƙa mini tuwon semo da miyar kuka da daddawar Inna. Yana ci yana lumshe ido. Da na ga ransa ya yi sanyi na ɗan sako zancen Baffa. Ya tsame hannu daga kwano.

"Ni direba ne, Auta. In na je ƙofarsa na danna ƙararrawa, matarsa za ta leƙo ta ce ga ɗan'uwan maigida ya zo neman taimako. Ya san inda nake. Khalas."

Khalas ita ce kalma ta biyu da na koya, wato magana ta ƙare.

Da la'asar na tafi Al Gharrafa. Baffa ya tarbe ni da fara'a, ya karɓi ƙullinsa, ya juya shi a hannu, sannan ya yi tambayar da nake tsoro.

"Ka ga wancan?"

Na ce shi ya zo ya same ni.

"To ai ka gani. Yana da ƙafar zuwa otal." Ya ajiye ƙullin. "Ni baƙo na zo garin nan, ban san kowa ba, daga diyuti sai gida. Kullum in na ji ƙararrawa sai in ce shi ne. Ko ba komai ƙanin ubansa nake."

Aka shigo da wata shinkafa da suke kira makbus, ja da kayan ƙamshi, da rabin ɗan rago a kanta. Na ce na ƙoshi. Baffa ya ce, "Ka ƙoshi da na can ke nan." Na wanke hannu. Tun daga ranar abincin rana biyu nake ci kullum, ɗaya a Al Rayyan ɗaya a Al Gharrafa, kuma dole in cinye daidai wa daida. Mazagin wandona ne ya fara sanin illar zama ɗan ba-ruwanmu.

Ranar da zan fara ganin Ambasada Matiyas na sake zuba babbar riga. Na same shi zaune a inuwar baranda, dogon tsoho siriri, ya doshi casa'in, da gajeren wando da silifas. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Turanci, don da shi muka yi duk hirarmu, "Na ga Najeriya ta turo babbar tawaga." Ashe ya taɓa aiki a Legas yana matashi, har ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Kalmar Hausa ɗaya ta rage masa, sannu, kuma yana ji da ita.

Mai aikin gidan ya kawo gahawa irin ta Larabawa a wani ɗan finjali da bai fi murfin kwalba ba. Na shanye na miƙa, ya ƙara. Na shanye, ya ƙara. A gidanmu in babba ya ba ka abu ba ka mayarwa, don haka na yi ta kurɓa, shi kuma yana tsaye a kaina da buta. Zuciyata ta fara bugawa, zufa ta keto, hannuna na rawa har biro ya faɗi. Tsohon nan yana ta kallona. Sai da ya ga idona ya fara juyawa ya ɗaga nasa finjalin ya ɗan girgiza shi hagu da dama. Nan take mai buta ya karɓa ya tafi.

"Haka ake cewa ya isa," in ji shi. "Ni ma a aikina na farko a ƙasar Larabawa sai da na kwana biyu ban runtsa ba. Na bar ka ne in ga iya haƙurinka. Za ka yi jakada, amma ba za ka yi tsawon rai ba."

Kwanakin da suka biyo baya kullum da safe ina wurinsa. Na je da tambayoyi masu nauyi da na kwashe wata da watanni ina gogewa, shi kuma labari yake so ya bayar. Ya ce yana yaro ƙarami yaƙi ya ƙare, mahaifinsa ya tafi fagen daga bai dawo ba, birninsu Viyana rabinsa kufai. Ƙasashe huɗu da suka ci yaƙin suka raba ƙasar a tsakaninsu: Amurka, Rasha, Birtaniya da Faransa. Tsakiyar birnin kuwa karɓa-karɓa suke yi wata-wata. Ya ce abin da ya fara burge shi a duniya wata 'yar motar sintiri ce mai ɗauke da sojoji huɗu, kowanne daga ƙasarsa, ba mai son wani, amma dole su zauna mota ɗaya.

"Ina bin motar nan da gudu ba takalmi," in ji shi. "Ina so in ga ranar da za su daki juna. Ban taɓa gani ba. Ina jin a nan na zaɓi sana'a."

Shekara goma suka yi a haka kafin baƙin su tattara su tafi, bayan Ostiriya ta yi alkawarin ba za ta shiga ɓangaren kowa ba. Ya ce ba a daɗe ba maƙwabtansu 'yan Hangari suka riƙa kwararowa ta kan iyaka suna gudun tankokin yaƙi, shi yana ɗalibi aka tura su raba barguna. A nan ya gane cewa zama ɗan ba-ruwanmu bai hana ka buɗe wa mai gudu ƙofa ba. Da ya shiga ma'aikatar harkokin waje, ya zaci za a ba shi manyan asirai. Aikin da aka ba shi shi ne jera kujeru: wa zai zauna dama da wa, wa za a fara zuba wa miya. Ya ce ya yi shekaru yana raina aikin, kafin ya ga taro guda ya watse saboda an zaunar da wani a kusa da ƙofar kicin.

Na tambaye shi babbar nasarar da ya samu a rayuwar aikinsa. Ya ce an ba shi lambar yabo da ciwon gwiwa, ciwon gwiwar ne ya fi zama tare da shi.

Wata safiya ya lura ina hamma ina dafe ciki, ya tambaye ni ko lafiya. Sai na kwashe labarin Yaya da Baffa da Inna na gaya masa. Wallahi tsohon nan sai ya miƙe zaune, idonsa ya kawo haske. Duk tambayoyin digirina ba wadda ta taɓa tashinsa haka.

"Wannan ai fannina ne! A aikinmu an daɗe da kashe wannan rigimar, a birninmu ma aka kashe ta. Ba a duba girman ƙasa, jakadan da ya riga zuwa gari shi ne gaba, sabon zuwa shi ke kai ziyara. Wa ya riga zuwa?"

Na ce Yaya.

"Shi ke nan, likita zai je."

Na ce ai a wurinmu baƙo ake zuwa yi wa sannu da zuwa.

"To direba zai je."

Na ce amma direban ne babba a shekaru, shi ya yi renon likitan.

"To likita..."

Na ce likitan ƙanin ubansa ne.

Ya dafe kai da hannu biyu. "Da mutanenku ne suka mamaye Viyana, da har yau sojoji na nan."

Sai ya ba ni labarin wani zama da aka taɓa ɗora masa shiryawa, tsakanin wakilan Gabas da na Yamma, kowane ɓangare ya ce ba zai riga shiga ɗaki ya zauna jiran ɗayan ba. Ya yi ta yawo a birni har ya samo zaure mai ƙofa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga hannu, aka buɗe ƙofofin lokaci guda, suka shigo tare, ba wanda ya riga wani. Ban tsaya jin ƙari ba. Na tattara takarduna na ce masa na gode, ina ji a raina an gama.

Malam Isiyaka ya nuna mini wani gidan abinci a bayan kasuwar kayan gwari mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta wurin ajiye motoci, irin ƙofofin gilashin nan masu buɗe kansu. Na gayyaci Yaya cin abinci bayan sallar Juma'a, na ce ya shigo ta baya. Na gayyaci Baffa na ce ya shigo ta gaba. Ban gaya wa kowa akwai ɗayan ba. Na sa aka kawo babban tire na shinkafa da nama, na zauna a tsakiyar ɗaki da babbar rigata da waya a hannu, ina ce wa wannan ɗan jira, ina ce wa wancan ƙaraso. Har na fara tsara yadda zan ba ɗalibaina labarin a aji.

Kuma fa dabarar ta yi aiki. Ƙofofin nan suka buɗe lokaci guda. Ga Yaya, ga Baffa, ido cikin ido.

Sai kowa ya tsaya cak a bakin ƙofa.

A nan ne abin da na manta ya faɗo mini. Bature yana iya shiga ɗaki bakinsa a rufe. Mu kuwa mai shigowa shi ke sallama, kuma duk wanda ya fara furta ta ya gaida ɗayan ke nan. Ga su Musulmi, yanzu suka fito daga masallaci, ba mai iya tsallaka ƙofa ba sallama, ba kuma mai niyyar farawa. Ƙofofin suka yi ta zuwa za su rufe suna komawa, zafin waje na kwararowa, mai gidan abincin yana ɗaga hannu yana "Yalla! Yalla!" Mutane suka bar cin abinci suka zuba mana ido. Da na rasa ta yi, na miƙe tsaye a tsakiya na ɗaga murya, ni da nake ciki, na ce, "Assalamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam, Auta," in ji Yaya.

"Wa alaikumus salam, Auta," in ji Baffa.

Kowa sai da ya kama sunana don kada a yi kuskure. Sannan suka juya, kowa ya nufi motarsa. Aka bar ni da tiren mutum uku, ni da Malam Isiyaka muka yi ta fama da shi har washegari. A ranar ba wanda ya ɗauki wayata.

Da na ba Ambasada labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da 'yarsa ta fito da ruwa. Ni kuwa raina a ɓace yake, na ce ai shi ya ba ni dabarar.

"Ba ka tsaya ka ji ƙarshen ba," in ji shi yana share hawaye. "Sun shigo tare, haka ne. Suka zauna suka yi makonni suna musu, suka tashi ba su sa hannu a komai ba. Mafi yawan abin da na yi a rayuwata haka ya ƙare. In koma gida in rubuta wa minista cewa an yi tattaunawa mai amfani."

Ya murza gwiwa, sannan ya tambaye ni ko na gaya wa tsohuwar. Na ce a'a, ina tunanin in na koma in ce mata sun gaisa, ai ba gani za ta yi ba. Fara'ar fuskarsa ta ɗauke.

"A'a. Jakada yana iya rufe bakinsa a gaban kowa, amma ba ya yi wa wanda ya aiko shi ƙarya. Ka kira ta kafin ka bar garin nan."

Da zan tafi ya raka ni har ƙofa da sandarsa, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Sannu." Na san da wuya mu sake ganin juna, kuma na ji ba daɗi ƙwarai.

Na yi ta ja da kiran nan har safiyar tafiyata. Na sauko da akwatina ƙofar otal ina jiran tasi, ina juya wayar a hannu, sai ga Yaya. Fushi yake da ni, ko kallona bai yi sosai ba, amma saƙon Inna ba ya shiga fushi. Ya sauke ƙaton bargo mai laushi da kwalin dabino da kwalbar zuma ya ce in kai mata. Na buɗe akwatin a nan bakin titi na cusa, na hau kai na zauna, na ja zif. Zif ɗin ya tsage tun daga wannan kusurwa har waccan. Takardun hirata da Ambasada, babbar riga, singileti, dabino, komai ya watse a ƙasa. Yaya ya ce, "Kai dai Auta anya!" Ya tsuguna yana tattarawa.

Daidai nan motar Baffa ta tsaya. Ya fito rungume da nasa saƙon: ƙaton bargo mai laushi, dabino da magunguna. Ya ga Yaya ya ɗan dakata. Amma nan waje ne, ba ƙofa, ba ɗaki. Ya dubi tarkacen da ke ƙasa ya ce mini, "Auta, haka ake shirya kaya? Digirin me kake yi ne?" Shi ma ya tsuguna.

Da farko ta kaina suke bi. "Auta, ce a fara sa mai nauyi a ƙasa." "Auta, ce kwalba ba ta zama a gefe." Malam Isiyaka ya kawo igiya. Can aka zo kan barguna, aka ga bargo ɗaya kawai akwatin zai ɗauka, sai aka manta da ni gaba ɗaya.

"Nawa ne zai tafi, ni na riga kawowa."

"Naka ya yi mata nauyi, ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Ni likita ne."

"Likitan me? Ni na san irin bargon da take so tun ba ka san hannun damanka ba!"

"Haba Yaya, sakar mini igiyar nan!"

"Ba zan saki ba. Tun kana yaro ba ka iya ɗauri ba, ko kai ne ka ɗaure akuya sai ta kwance."

Muryoyi suka tashi, masu turin kayan gwari suka fara tsayawa kallo. Na ce shi ke nan, na zo gyara na ƙara ɓatawa, da ba sa magana, yanzu ga su suna tsiya a titi. Na ja gefe jikina a sanyaye na kira Malumfashi. Aka kai wa Inna wayar.

"Inna, ni ne. Ki yafe mini, na kasa. Na yi iya yina. Yanzu haka ma ga su can faɗa suke yi."

"Faɗa? Da wa?"

"Da junansu, Inna. A kan bargo."

"Su biyun? Wuri ɗaya?"

"Wuri ɗaya."

Na ji numfashinta ya sauya. Na buɗe baki zan ci gaba da ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Matsa kusa da su, Auta. Ka yi mini shiru."

Na matsa na miƙa hannu da wayar a saman kawunansu. Ba su ma lura ba, Yaya na jan igiya ta nan, Baffa na ja ta can, kowa na faɗin laifin ɗayan tun na ƙuruciya. Tasi ta zo ta yi ta hon, rana ta dake ni, hannuna ya gaji. Na kawo wayar kunne a hankali in ce mata jirgi zai tafi ya bar ni. Kuka na ji tana yi, tana dariya a ciki.

"Kada ka kashe," ta ce. "Mayar da ita, ban gama ji ba."